Me ya sa ɗinkin tiyatar haihuwa ke yin mugunya, kuma ta ina asibiti zai fara gyara?

Tambaya: Likita, ni ce shugabar ɗakin masu jego a wani babban asibitin ƙaramar hukuma. Da wuya mako ya wuce ba tare da wata mace ta dawo mana ɗinkinta na tiyatar haihuwa yana fitar da mugunya ba, wata ma ɗinkin ya buɗe, alhali duk wadda aka yi wa aiki muna yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ta seftiriyazon da Flagyl har kwana biyar ko bakwai. Shin maganin ne ba shi da ƙarfi, ko kuwa matan ne ba sa kula da tsafta a gida? Me ya kamata mu gyara?

Amsa: Sista, Allah ya saka miki da alheri da kika damu har kika tambaya, domin a asibitoci da yawa an riga an ɗauki ruɓewar ɗinki tamkar wani abu da dole ya biyo bayan tiyata. Abin da zan fara faɗa miki shi ne, a mafi yawan lokuta ba ƙarfin magani ba ne matsalar, kuma ba gidan mai jego ba ne tushenta. Makomar ɗinki ana yanke ta ne a ɗakin naƙuda, da kuma sa'a ɗayan nan da ke gaban yanka, da mintunan da ciki yake buɗe. Allurar da ake jerawa kwana bakwai bayan an rufe ciki, ga macen da ba ta zo da cuta ba, ihu ne bayan hari.

Ba ku kaɗai abin ya dama ba. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na hana kamuwar raunin tiyata a shekarar 2016, ta bayyana cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici kimanin kashi 11 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata ne rauninsu ke kamuwa, kuma a Afirka adadin yakan kai kashi 20 cikin ɗari a tsakanin matan da aka ciro wa jariri. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi ta hanyar tiyata, wato ƙasa da abin da ake bukata, kuma tun da gwamnatin tarayya ta sanar a watan Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa mata marasa galihu wannan aiki kyauta, ya kamata mu sa ran yawan aikin zai ƙaru. Duk macen da ta koma ƙauyensu da ciki yana zubar da mugunya, labarinta zai hana wasu mata goma yarda da tiyata ranar da rayuwarsu ta dogara a kanta, kuma wannan ne ya sa nake ɗaukar maganar ɗinki da muhimmanci irin na zubar jini da jijjiga.

A ƙa'idar likitanci, duk kamuwar da ta bayyana a wurin aikin cikin kwana 30 ana lissafa ta a kan tiyatar. Wata takan tsaya a fata da kitsen da ke ƙarƙashinta, wata ta nutsa zuwa jijiyar da ke riƙe bangon ciki da tsoka, wata kuma ta kama mahaifar kanta ko ta tara mugunya a cikin ƙugu. Ƙwayoyin cutar daga wurare uku suke zuwa: fatar macen, inda ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus ke zaune, da farjinta, inda ƙwayoyi ke hawa zuwa mahaifa da zarar faya ta fashe, sai kuma hannuwanmu da kayan aikinmu. Abin da ya bambanta tiyatar haihuwa da sauran aikin ciki shi ne wannan hanya ta biyu, domin likita yana buɗe mahaifar da wataƙila ta yi kwana guda ko biyu a buɗe ta ƙasa, ruwan da ke cikinta kuma ya malalo a kan raunin da ya yanka.

Bari in daɗe a kan maganar maganin kashe ƙwayoyin cuta, tunda nan tambayarki ta fi nauyi. Manufar allurar rigakafi ita ce maganin ya riga ya cika jini da naman jikin macen a daidai lokacin da wuƙa ta taɓa fata, saboda ƙwayar da ta faɗa cikin raunin ta tarar da shi yana jiranta. Idan aka bari sai an kai ta ɗakin masu jego, ko sai mijinta ya dawo daga kemis da ledar magani, to ƙwayoyin sun riga sun sami sa'o'i suna hayayyafa a cikin gudan jini da mataccen nama, inda magani ba ya isa sosai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sabunta a 2021, ita ce a yi allura sau ɗaya ta jijiya, minti 30 zuwa 60 kafin yanka fata, da sefazolin ko wani daga dangin fenisilin kamar amfisilin. Sefazolin giram 2 ake bayarwa, a kai shi giram 3 ga macen da nauyinta ya kai kilo 120, kuma ba a maimaitawa sai idan aikin ya ja har kusan sa'a huɗu ko jinin da ta zubar ya haura lita ɗaya da rabi. Tarin binciken da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara ya nuna cewa rigakafin nan yana rage kamuwar rauni da ta mahaifa da kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. A da ana jira sai an ɗaure cibiya kafin a yi allurar, don gudun kada maganin ya kai ga jariri, amma bincike ya tabbatar da cewa yin ta kafin yanka ya fi kare uwa, kuma ba a ga ya cutar da jaririn ba.

To me kwana bakwai na seftiriyazon ke ƙarawa ga macen da aka yi wa aiki cikin tsafta? Ba ya ƙara kariya, amma yana ƙara wa iyalinta kashe kuɗi, yana sa a bar mata allurar hannu kwanaki har jijiyar ta kumbura, kuma mafi muni, yana koya wa ƙwayoyin da ke yawo a ɗakinku jure wa maganin da za ku bukata ranar da wata ta kamu da gaske. Na san dalilin da ya sa abokan aikinmu ke yin haka, kuma ba na ganin wautarsu: mutum yana tsoron ɗakin tiyatar da bai amince da tsaftarsa ba, sai ya nemi ya rufe gibin da magani. Sai dai magani ba ya wanke almakashin da ba a turara shi daidai ba. Shawarata ita ce kuɗin da ake kashewa a kan allurar kwana bakwai a mayar da kaɗan daga ciki wajen ajiye sefazolin ko amfisilin a cikin ɗakin tiyata, a hannun mai sa barci, ta yadda ko da ƙarfe biyun dare aka shigo da mace za a yi mata allurar nan take, a yi lissafin kuɗin daga baya. Idan seftiriyazon kaɗai kuke da shi, ku ba da shi sau ɗaya kafin yanka, domin lokacin bayarwa ya fi sunan maganin muhimmanci.

Akwai matan da wannan ƙa'ida ta allura ɗaya ba ta shafa ba, kuma a asibiti irin naku suna da yawa. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda a gida, faya ta fashe tun jiya, jikinta da zafi, ruwan da ke fita yana wari, wannan ba rigakafi take bukata ba, magani take bukata, domin cutar ta riga ta shiga. Ita ce za a fara wa amfisilin da jentamaisin tun kafin aiki, a haɗa da metronidazol, wato Flagyl, a ci gaba bayan aiki har zazzaɓi ya sauka ya yi kwana ɗaya ko biyu bai dawo ba. Kuskuren da ake yi shi ne a haɗa kowa a layi ɗaya, wadda ta zo da ƙafarta aka tsara mata rana da wadda aka kawo ranga-ranga, a ba su magani iri ɗaya na kwanaki iri ɗaya, sai ta farko ta sha abin da ba ta bukata, ta biyu kuma ta rasa abin da ya dace da ita. Ga waɗanda ke tsakani, wato suna naƙuda ko faya ta fashe amma babu alamar cuta, wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mata 2,013, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa ƙara azitromaisin miligiram 500 ta jijiya a kan allurar da aka saba ya rage kamuwa daga kashi 12 zuwa kimanin kashi 6 cikin ɗari. Abu ne da likitocinku za su iya dubawa, amma bayan an daidaita lokacin allurar farko.

Ɗakin naƙuda yana da nasa kason. Kowane sa hannu don duba buɗewar mahaifa yana tura ƙwayoyi sama, musamman bayan fashewar faya, kuma abin da aka yarda da shi ga naƙudar da ke tafiya daidai shi ne dubawa sau ɗaya a kowace sa'a huɗu. A asibitin da ɗalibai ke koyon aiki, na sha ganin an duba mace sau bakwai ko takwas kafin a yanke shawarar shiga da ita tiyata, kowa ya zo sai ya tabbatar da kansa. A rubuta kowane dubawa da lokacinsa a takardar bibiyar naƙuda, kuma idan an yanke shawarar aiki kada a bar ta tana jiran jini ko man janareta har wasu sa'o'i su shuɗe.

Sai shirin fata. Ina roƙon ki da ki kwashe rezar da ke ɗakinku gaba ɗaya. Aski da reza yana barin ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani, kuma idan an yi shi tun daren jiya, ƙwayoyi sun cika su kafin safiya. Gashin da bai tare wurin yanka ba a bar shi, wanda ya tare kuma a rage shi da injin aski ko almakashi dab da shiga aiki. Wadda aka tsara wa rana ta yi wanka da sabulu, ko wane iri ne, a daren ko da safen. Bayan haka akwai wani mataki mai arha da asibitoci da yawa ba sa yi, wato wanke farji da ruwan aidin irin Betadine, ko kulohekzidin marar sinadarin barasa, na kimanin daƙiƙa 30 dab da fara aiki. Wannan kaɗai yana rage kamuwar mahaifa da fiye da rabi, kuma amfaninsa ya fi fitowa ga matan da ke naƙuda ko waɗanda faya ta fashe musu, wato irin matan da kuka fi karɓa.

Game da abin da za a shafa a fatar ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita kulohekzidin mai haɗe da sinadarin barasa, kuma wani gwajin Amurka na 2016 a kan mata 1,147 ya sami kamuwa kashi 4 cikin ɗari da shi, a kan kashi 7.3 da aidin. Amma babban gwajin FALCON, wanda aka yi a ƙasashe bakwai har da Najeriya da Ghana da Benin, aka wallafa a 2021, bai ga bambanci tsakanin kulohekzidin da aidin ba a aikin ciki. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, a yanayi irin namu yadda aka shafa ya fi abin da aka shafa tasiri. A goge wurin sosai, a fara daga inda za a yanka a fita waje, kada a manta lanƙwasar ƙasan ciki ga mace mai jiki, sannan a jira ya bushe da kansa, kamar minti uku, kafin a shimfiɗa ƙyalle. Garajen shimfiɗa ƙyalle a kan jiƙaƙƙiyar fata yana rage aikin maganin, kuma idan mai barasa ne yana iya kama wuta da na'urar ƙona jijiyoyin jini. Ki kuma lura da kwalaben da ake tsiyaya Savlon ko Dettol a sirka da ruwa, ana ƙarawa a kan tsoho mako da mako ba a wanke ba, domin akwai ƙwayoyin da ke rayuwa a cikin irin wannan sirkin.

Maganar hannu tsohuwa ce. A shekarar 1847, a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu naƙuda, sai mutuwar masu jego ta faɗo daga kusan kashi 18 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 2 cikin 'yan watanni. Wankin hannu na tiyata minti biyu zuwa biyar ne, bayan an cire zobe da agogo da awarwaro, farce a yanke. Inda famfo ba ya kawo ruwa, kuma ana ɗiba daga randa ko durom ɗin da ba a san ranar da aka wanke shi ba, ya fi aminci a wanke da sabulu, a tsane, sannan a murza maganin hannu mai sinadarin barasa har gwiwar hannu. A ɗakinki kuwa, inda nas ɗaya ke canza bandejin mata goma a jere, a nan ne ƙwaya ke tashi daga gado zuwa gado: safar hannu ɗaya ga mace ɗaya, tiren kayan wanki ɗaya ga mace ɗaya, a fara da masu lafiyayyen ɗinki, a ƙare da masu mugunya.

Kayan aiki su ne inda nake zargi idan kamuwa ta yi yawa lokaci guda. Tafasa almakashi a ruwa ba ya kashe dukkan ƙwayoyi, domin wasunsu suna da ƙwanso mai jure tafasa. Abin da ke kashe su shi ne tukunyar turara kaya mai matsin tururi, a zafin digiri 121 na kimanin minti 30 ga kayan da aka naɗe, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da zafin ya kai, ba daga lokacin da aka kunna ba. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, sai a sake daga farko. Kayan da ba a goge jini daga gaɓoɓinsu da buroshi ba, ko aka cusa su a tukunya har tururi ya rasa hanyar ratsawa, ko suka fito a jiƙe, ba su tsarkaka ba ko da filastar gwaji ta canza launi, domin ita tana nuna cewa zafi ya taɓa bayan ƙunshin ne kawai. Ki je da kanki ki tsaya a kan mai wannan aiki na yini ɗaya, cikin girmamawa, domin sau da yawa ma'aikaci ne da ba a taɓa ba shi horo ba, kuma ba a taɓa gaya masa cewa rayuwar mata tana hannunsa ba.

Abin da ya rage a cikin ɗakin tiyata na likita ne, kuma zan faɗe shi a taƙaice don ki iya tuna masa. A bar mabiyiya ta fito da jan cibiya a hankali maimakon a sa hannu a ɓamɓaro ta, a tsayar da duk wani jini kafin a rufe, a ɗinke kitsen ƙarƙashin fata idan kaurinsa ya kai santimita 2, a rufe fata da zare ta ƙarƙashi. Canza safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki ya rage kamuwa daga kashi 18.9 zuwa 16 cikin ɗari a gwajin ChEETAh na 2022, wanda shi ma Najeriya na ciki. Ba a sa tiyatar haihuwa a gwajin ba, amma ina canza safar hannu bayan fitar mabiyiya, domin hannun da ya shiga ƙugu ya ɗago kan jariri bai kamata ya ɗinke fata ba. A rufe ƙofa, a rage masu shiga da fita, a lulluɓe macen kada jikinta ya yi sanyi, musamman lokacin hunturu, kuma mai ciwon suga a daidaita sugarta kafin aiki da bayansa. Takardar tantance matakan tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka gwada a asibitoci takwas har da na Ifakara a Tanzaniya, ta rage kamuwar rauni daga kashi 6.2 zuwa 3.4 cikin ɗari, kuma ɗaya daga tambayoyinta ita ce ko an yi allurar rigakafi cikin minti 60 da suka wuce. Nas tana da hurumin yin wannan tambaya da babbar murya kafin a miƙa wuƙa.

Yanzu ga batun gida, wanda kika tambaya. Yana da tasiri, amma bai kai yadda muke ɗora masa ba, kuma saurin cewa matan ne ba su da tsafta yana hana mu duba namu aikin. Bandeji ya zauna kwana ɗaya zuwa biyu ba a ɗaga shi, bayan haka fata ta riga ta haɗe bakinta, sai a bar wurin a bushe. A cire robar fitsari da wuri, ta tashi ta taka, ta ci abinci, a gyara mata ƙarancin jini, domin naman da jini bai ishe shi ba ba ya warkewa da sauri. Kafin sallama, ki zaunar da wadda za ta yi mata wankan jego, ko mahaifiyarta ce ko uwar mijinta ko gwaggonta, domin ita ce mai iko da jikin nan na kwana arba'in, ba mai jegon ba. Kada ki ce mata al'adarsu banza ce. Ki ce mata, Inna, wannan haihuwar daban take, a yi wanka da ruwa mai ɗumi, ban da fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan ciki, ban da gasa wurin, ban da ɗaure ciki tamau a kan ɗinki, kuma kada a shafa man shanu ko toka ko garin magani, a dai tsane wurin da tsabtataccen ƙyalle. Ki nuna musu alamomin da za su dawo da ita ba tare da jiran ranar suna ba: zazzaɓi, ja da kumburi a gefen ɗinki, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ruwa ko mugunya, jinin biƙi mai wari. Yawancin kamuwar fata tana bayyana ne daga kwana na huɗu zuwa na bakwai ko bayan haka, wato bayan an sallame ta.

Idan ta dawo da mugunya, maganin farko shi ne a warware ɗinkin daidai wurin a bar ta ta fita, a ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji idan akwai hali, a wanke da ruwan gishirin asibiti, a duba ko jijiyar bangon ciki tana nan a ɗinke. Idan ruwa mai launin ja-ja yana bulbulowa da yawa, ko fata ta fara baƙi, ko ciwon ya fi abin da ido ke gani, ko numfashinta da bugun zuciyarta sun yi sauri, wannan ta koma hannun likita a wannan sa'ar, ba gobe ba.

Abin da zan so ki fara da shi ranar Litinin littafi ne mai layi. Duk macen da aka yi wa aiki a rubuta ranar, da ko na gaggawa ne, da sa'o'in da faya ta yi a fashe, da yawan dubawar da aka yi mata, da lokacin da aka yi allura da lokacin da aka yanka, da ko an wanke farji, da ƙunshin kayan da aka yi amfani da shi, da lambar wayar mijinta ko wani na kusa. A duba ɗinkin ranar sallama da ranar da ta dawo, sannan a kira waya a kwana na 30 a tambaya. Bayan wata uku ki ɗauki littafin ki zauna da likitoci da mai sa barci da ma'aikatan ɗakin tiyata da mai turara kaya, ba don a nuna wa kowa yatsa ba, ku ƙirga mata nawa ne cikin waɗanda suka kamu aka yi wa allura bayan yanka, nawa ne suka zo da doguwar naƙuda, kuma ko sun taru a ranakun da wuta ta yanke wa tukunya aiki. Idan kin tara na wata ukun, ki turo mini alƙaluman ba tare da sunayen matan ba, mu duba su tare, in Allah ya yarda.